Aku, tsuntsun kurmi mai kwaikwayon magana

Kusan kowa ya san sunan aku. Yara suna jin labarinshi a bakin tsofaffi. Masu karatu sun gamu da shi cikin littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda aku ne mai ba da labaru, har sarki ya naɗa shi waziri. Wasu kuma sun taɓa ganin shi cikin keji a zauren wani attajiri, a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai. Yana sallama, yana kiran sunan yaran gida, yana dariya tamkar mutum.

Amma kaɗan ne suka san inda aku ya fito, da abin da yake ci a daji, da yadda yake renon ɗiyanshi. Kaɗan ne kuma suka san irin wahalar da ya sha kafin ya iso cikin wannan keji. Yau aku yana cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Don haka ya kamata a san labarinshi.

Ƙaƙa aku yake?

Aku ya ɗan fi tantabara girma. Tsawonshi daga kai zuwa wutsiya wajen santimita 33 ne. Nauyinshi wajen giram 400, watau bai cika rabin kilo ba. Gashin jikinshi ruwan toka ne. Wutsiyarshi gajera ce, ja wur. Kewayen idonshi babu gashi, fata ce fara. Bakinshi baƙi ne, lanƙwasasshe, mai ƙarfi ƙwarai.

Namiji da mace kamarsu ɗaya, da wuya a bambanta su da ido. Amma ana iya gane yaro da babba. Idon ƙaramin aku baƙi ne. Sannu a hankali yake washewa, har ya koma rawaya in ya girma.

Ƙafar aku ba irin ta kaza ba ce. Kaza tana da yatsu uku a gaba, ɗaya a baya. Shi aku biyu ne a gaba, biyu a baya. Shi ya sa yake damƙe reshe da kyau. Yana iya tsayawa da ƙafa guda, ya riƙe abinci da ɗayar, ya kai baki kamar mai cin tuwo. In zai hau icce, da baki yake fara kama reshe, sannan ya jawo jikinshi. Kenan bakin nan ƙafa ce ta uku a gare shi.

Aku mai ruwan toka iri biyu ne. Akwai babban, mai jar wutsiya, wanda aka fi sani. Akwai kuma wani ƙarami da ake kira aku Timne. Shi tokarshi ta fi duhu, jan wutsiyarshi ya yi kamar na hanta, saman bakinshi kuma ba baƙi ba ne duka. Da can ana ɗaukar su iri ɗaya. Yanzu masana da yawa suna lissafa su iri biyu daban.

Ina ne ƙasar aku?

Aku ba tsuntsun Sahel ba ne. Ba ya zama a dajin Nijar. Tsuntsun kurmi ne, inda itatuwa suke da tsawo da duhu, rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. A Maraɗi ruwan sama na shekara wajen milimita 500 ne. A kurmin aku kuwa ya kan ninka haka sau uku, ko sau huɗu, ko ma fiye.

Ana samun mai jar wutsiya daga gabashin Kodibuwa, da Gana, da kudancin Najeriya, da Kamaru, da Gabon, da Kongo biyu, da Afirka ta Tsakiya, har Yuganda da yammacin Kenya da arewacin Angola. Akwai shi kuma a tsibiran Biyoko da Pirinsipe cikin teku. Aku Timne kuwa yana yamma: Gine Bisawo, da Gine, da Saliyo, da Laberiya, da yammacin Kodibuwa.

Duk da haka, aku yana da dangi a Nijar. Akwai tsirya, koriya mai doguwar wutsiya da jan baki, wadda manoma suka sani cikin gonakin hatsi da garake. A kudu, wajen Gaya da gandun dajin W, akwai wani ɗan ƙaramin aku mai koren baya da kai ruwan toka da ciki rawaya. Duk gidansu ɗaya da aku. In aka duba bakinsu da ƙafarsu za a gane haka.

Kenan duk aku mai jar wutsiya da aka gani a Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, baƙo ne. Daga nesa aka kawo shi.

Mi aku yake ci?

Abincin aku a kan icce yake. Yana cin ɗiyan itatuwa, da ƙwayayensu, da furanni, da ɓawon reshe. Abin da ya fi so shi ne kwakwar manja. Yana tsinko ta, ya riƙe da ƙafa, ya gwaigwaye jan naman nan mai mai, ya yar da ƙwallon. Inda gonaki suka matso kusa da kurmi, ya kan faɗa wa masara, manoman can su yi ta korar shi.

Itatuwan kurmi ba sa yin ɗiya lokaci guda. Wannan ya nuna yau, wancan sai wata mai zuwa. Don haka aku yake yawo mai nisa neman abinci. Dole ya riƙe a kanshi inda kowane icce yake, da lokacin da yake nuna.

Akwai wani abin mamaki kuma. A cikin kurmi akwai wasu filaye masu laka da ruwa, inda giwaye da ɓauna suke zuwa lasar ƙasa. Akwai irinsu a gandun dajin Lobeke na Kamaru, da Zanga Sanga a Afirka ta Tsakiya. Da safe aku su kan taru a itatuwan bakin filin. Su daɗe suna dubawa. In sun ga babu abin tsoro, sai su sauko da yawa, su ci laka da ƙananan ciyayi, su sha ruwa. Masana suna ganin gishiri da sauran sinadaran ƙasa suke nema. Makiyayi ba zai yi mamakin wannan ba. Abin da ke kai garke Ingal lasar gishiri bayan ruwa ya zauna, kusan shi ne ke sauko da aku ƙasa.

Zaman jama'a

Aku ba ya son kaɗaici. Da dare suna kwana tare a kan dogayen itatuwa ko tukurwa, sau da yawa a bakin kogi ko a tsibiri, inda maƙiyi ba ya isa da sauƙi. A da, wuri guda ya kan tara ɗaruruwa, wani wurin ma dubbai. Da asuba su watse ƙungiya ƙungiya, su tafi kiwo. Suna tashi can sama, suna bugun fiffike da sauri, suna fito da kururuwa. Da maraice su komo wurin kwanansu.

Kukan nan ba na banza ba ne. Cikin duhun kurmi ba a hango juna. Da murya suke sanin inda ɗan'uwa yake. Da ita miji yake kiran matarshi. Da ita ake shelar an ga shaho.

Aku yana da maƙiya a daji. Shaho da danginshi suna kama shi. Akwai wata irin ungulu mai cin kwakwa wadda suke gudu. Birai kuma suna satar ƙwai da ƙananan ɗiya cikin kogo. Amma duk cikin maƙiyan nan babu wanda ya kai mutum.

Aure da reno

Aku ba ya yin aure da wuri. Sai ya shekara 3 zuwa 5. In ya sami mata, su kan zauna tare shekara da shekaru. Suna gyara wa juna gashi da baki. Namiji yana ba macen abinci baki da baki.

Aku ba ya saƙa sheƙa da ciyawa. Kogon icce yake nema, can sama, mita 10 zuwa 30 daga ƙasa. Kuma ba ya iya sassaƙa kogon da kanshi tun daga farko, sai wanda ya tarar. Irin wannan kogo sai a babban icce, tsoho, wanda ya shekara da yawa. Rimi yana cikin itatuwan da yake so.

Macen tana yin ƙwai 2 zuwa 4, farare. Tana kwanci wajen kwana 30. Duk tsawon lokacin nan namiji ne ke kawo mata abinci, yana kuma gadin bakin kogo. Ɗiyan suna fitowa tsirara, idanu a rufe, ba su iya kome ba. Uwa da uba suna cin abinci, su maido shi daga maƙoshi, su ɗura musu. Sai sun yi wajen mako 12 kafin su bar kogo. Bayan sun tashi ma suna bin iyayensu watanni, suna koyon abin da ake ci, da inda ake samun shi, da abin da ake gudu.

A nan ne wuyar take. A kwatanta shi da kaza. Kaza tana fara ƙwai tana da wata 6. Cikin shekara guda ta yi kwanci sau da yawa, har ta ga jikokinta. Aku kuwa sai ya jira shekaru, sannan ya sami ɗiya biyu ko uku a shekara, in an yi sa'a. Abin da ya cece shi tun fil azal shi ne tsawon rai. A hannun mutane ya kan kai shekara 40 zuwa 60. A daji bai cika kai haka ba, amma yana daɗewa. To, tsuntsu mai irin wannan jinkirin haihuwa, in aka kwashe shi da yawa, ba ya maida gurbi da sauri.

Ƙaƙa yake yin magana?

Aku ba shi da leɓe, ba shi da haƙori. Maƙogwaronshi ma ba irin na mutum ba ne. Muryar tsuntsu daga can ƙasa take fitowa, inda hanyar iska ta rabu biyu za ta shiga huhu. A wurin akwai ƴan siraran fatu da tsoka. Aku yana ja, yana saki, sauti yana canzawa. Harshenshi kuma mai kauri ne, yana juya shi yadda ya so. Da waɗannan yake kwaikwayon sallama, da tari, da kukan jariri, da ƙarar ƙofa.

Ba a gidan mutane ya fara kwaikwayo ba. A kurmin Kongo an taɓa ɗaukar muryar aku na daji suna kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye, har da na jemage. Tun yana ƙarami yake koyon kukan ƴan'uwanshi ta hanyar saurare. In aka raba shi da su, mutanen gida ne suka zama garkenshi. Sai ya koyi nasu kukan. Maganar aku cikin keji, neman abokin zama ce.

Shin yana gane abin da yake faɗi? Sau da yawa maimaitawa kawai yake yi. Amma ba kullum ba. A Amurka wata malama mai bincike, Irene Pepperberg, ta sayi wani aku a shekarar 1977. Sunanshi Alex. Ta yi shekara 30 tana koya mishi. Ya san kalmomi fiye da 100. Ya san sunan abubuwa wajen 50, da launi 7, da siffa 5. Yana ƙirga abu har 6. In aka nuna mishi abu biyu, aka tambaye shi wanne ya fi girma, ko mi ya bambanta su, yana ba da amsa daidai mafi yawan lokaci. Ya mutu a shekarar 2007, yana da shekara 31. Aikin nan ya nuna cewa aku yana cikin tsuntsaye mafi wayo a duniya.

Bakinshi ne ya jawo mishi

Saboda maganar nan mutane suke son aku, a Turai, da ƙasashen Larabawa, da Asiya, da nan Afirka. Inda akwai mai saye, za a sami mai kamu.

Hanyar kamun iri uku ce. Ta farko, danƙo. A shafa danƙo a sanduna, a ɗaure su a kan icce, a ɗaure wani aku a wurin. In ya yi kuka, ƴan'uwanshi su sauko, fiffikensu ya manne. Ta biyu, raga. A shimfiɗa ta a filin lakar nan inda suke sauka, a rufe da yawa lokaci guda. Ta uku, a hau icce a kwashe ɗiya cikin kogo. Wasu ma sare iccen suke yi. A yi hasarar ɗiya, a yi hasarar kogo.

Daga nan sai a yanke musu gashin fiffike, a cusa su cikin akwati, babu isasshen ruwa, babu iska. Bincike ya nuna cewa cikin aku 10 da aka kama, 3 zuwa 6 suna mutuwa tun ba a fitar da su daga ƙasarsu ba. Kenan bayan kowane aku da ya iso kasuwa da rai, sau da yawa akwai wani da ya mutu a hanya.

Daga shekarar 1975 zuwa 2013, an fitar da aku fiye da miliyan 1 da dubu 300 daga Afirka da takardun izini. Ban da na sumoga. Ban da waɗanda suka mutu kafin a ƙirga. Wasu kuma ana kashe su don jan gashin wutsiya da kawunansu, ana sayarwa don ado da magungunan gargajiya.

Abu na biyu da ke cin aku shi ne saran kurmi. Masu katako manyan itatuwa suke zaɓa. Su ne kuwa masu kogo. Ko da kurmi ya saura, in babu tsofaffin itatuwa, aku ba shi da wurin haihuwa.

Abin da ya faru a Gana ya isa darasi. Da can aku ya yi yawa a kudancin ƙasar. Wani bincike da aka buga a shekarar 2016 ya sake ziyartar wuraren kwanansu da aka ƙirga a shekarar 1992. An tarar cewa cikin aku 100, an rasa 90 zuwa 99. Wuraren da suke cika da kururuwa da maraice sun yi tsit. Cikin shekara 20 da ƴan kai aka yi wannan ɓarna.

Mi doka ta ce?

Akwai wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya da ake kira CITES. An sa mata hannu a shekarar 1973. Aikinta shi ne tsara cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijar ta shiga cikinta tun shekarar 1975.

Amurka ta taƙaita shigar da tsuntsayen daji tun 1992. Tarayyar Turai ta hana baki ɗaya a 2007. A watan Oktoba na 2016, ƙasashen CITES suka taru a birnin Johanasbag na Afirka ta Kudu. Najeriya, da Cadi, da Gabon, da Senegal suna cikin waɗanda suka kawo ƙudurin kare aku. Aka jefa ƙuri'a, aka sa shi a jeri na ɗaya, watau jerin da ya fi tsanani. Daga Janairu 2017, an hana cinikin aku na daji daga wata ƙasa zuwa wata. A shekarar 2016 ɗin kuma aka rubuta shi cikin jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa.

Don haka duk wanda ya tsallako iyaka da aku na daji don sayarwa, ya taka doka. Ƴan duwan da ma'aikatan gandun daji suna da ikon karɓe shi. Direba ko ɗan kasuwa da aka ba saƙon akwatin tsuntsaye daga kudu, ya yi hattara. A hannunshi za a kama kayan.

Waɗanda aka ƙwato ba a sakin su nan take. A garin Limbe na Kamaru akwai wurin da ake jinyar su. Sai an yi watanni kafin sabon gashi ya fito, su iya tashi, sannan a maida su kurmi. Kamu na kwana guda ne, gyara kuwa na watanni.

Wanda yake da aku a gida

Akwai gidajen da aku ya daɗe a ciki. Irin wannan kada a sake shi cikin daji. Ba zai rayu a Sahel ba. Sai dai a kula da shi da kyau:

1. A ba shi keji mai faɗi, wanda zai iya buɗe fiffike a ciki. A ajiye shi a inuwa. A kare shi daga zafin rana da iskar hunturu.

2. A ba shi ruwa mai tsabta kullum. A riƙa yayyafa mishi ruwa, don ɗan ƙasar damshi ne.

3. Kada a tsare shi a kan gujiya kawai. A haɗa mishi da masara, da dawa, da mangwaro, da gwaiba, da gwanda, da ganye. Gujiyar da ta yi funfuna guba ce gare shi. Kada a ba shi abinci mai gishiri da yawa.

4. A ba shi ɗanyen reshe ya riƙa gwaigwaya. Kada a bar shi shi kaɗai yini guda. Aku da kaɗaici ya dama ya kan fige gashin jikinshi da kanshi.

5. A kula da lafiyar mutanen gida. Akwai wata cuta da aku da danginshi suke ɗauke da ita, wadda mutum ke kamuwa da ita in ya shaƙi ƙurar busasshen kashinsu. Tana kawo zazzaɓi, da ciwon kai, da tari. Kafin a share keji a yayyafa ruwa, bayan an gama a wanke hannu da sabulu. Wanda ya ji alamun nan ya tafi gidan likita, ya faɗa musu akwai tsuntsu a gidanshi. Cutar tana da magani.

Abin lura

Ana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kamu a kurmi yana da laifi. Amma kuɗin mai saye ne ke tura shi hawan icce. Ran da aka daina saye, ran nan za a daina kamu.

Labarin aku kuma ba na mutanen kudu ba ne su kaɗai. Tsirya da ɗan ƙaramin akun Gaya su ma a kogon icce suke haihuwa. Su ma ana kama su ana sa su a keji. Tsohon gawo, ko kuka, ko giginya da ke tsaye a gona, gidan tsuntsaye ne da yawa. Wanda ya bar irin wannan icce a tsaye, ya hana yara kwasar ɗiyan tsuntsu cikin kogo, ya yi nashi aikin. Mutanen Gana ba su taɓa zaton aku zai yi wuyar gani a ƙasarsu ba. Yau akwai ƙauyukan da yara ba su taɓa jin kukanshi ba.